Wane fiyano ake ji a tsofaffin fayafayan garmaho?

"Assalamu alaikum malam. Na samu wasu tsofaffin fayafayan garmaho masu nauyi na kiɗan fiyano irin na Turai, wasunsu ma gefe ɗaya kawai ke da sauti. In na sa su sai in ji fiyanon kamar ana buga gwangwani, babu kaurin nan da ake ji a na yanzu. Shin haka fiyanon wancan zamani yake? Ana iya gane kamfanin da ya ƙera shi daga sautinsa? Kuma in ina son ci gaba da tara irinsu, me ya kamata in duba?"

Wa alaikumus salam. Tambayoyinka uku ne, amma na farko da na biyu tushensu ɗaya, wato me ya faru da sautin tun daga lokacin da makaɗi ya danna fiyano har ya iso kunnenka. Amsar a taƙaice ita ce, ba haka fiyanon zamanin yake ba. Babban fiyanon Steinway ko Bechstein na shekarar 1905 bai bambanta sosai da na yau ba, ko a ƙira ko a ƙarfin amo, kuma da yawa daga cikinsu har yanzu ana kaɗa su. Siririn sautin da kake ji aikin na'urar ɗauka ne, da irin dabarun da ma'aikatan ɗakin ɗaukar sauti suka yi wa fiyanon don na'urar ta iya jin sa, sannan wataƙila da yadda kake kunna faifan.

Abin da ƙahon yake iya ji

Kafin 1925 kusan duk ɗaukar sauti ba da makirfo ake yin ta ba, babu lantarki a cikin aikin. Wani babban ƙaho ake kafawa mai faɗin baki, makaɗi ya zauna a gabansa. Sautin ya bi ƙahon ya matse a siririn ƙarshensa, ya girgiza wani ɗan tantani, tantanin kuma ya motsa allura mai kaifi tana yanka layi a kan kaki da ke juyawa. Ƙarfin sautin kansa shi ke tura allurar. Abin da ya yi rauni bai isa ya motsa ta ba, abin da ya yi ƙarfi fiye da kima kuma sai ya sa ta yi tsalle, sautin ya fashe.

Fiyano yana da madannai 88. Na can ƙarshen hagu yana girgiza sau 27.5 a daƙiƙa, na ƙarshen dama sau 4,186. Ƙahon kuwa abin da yake kamawa da kyau bai wuce girgiza daga wajen 200 zuwa 2,500 a daƙiƙa ba. Ka ga kenan madannai sama da 30 na hannun hagu asalin amonsu bai shiga kakin ba sam. Dalilin da ya sa har kake jin su shi ne kowace tsirkiya tana fitar da wasu ƙananan amo a saman babban, waɗannan su suka shiga, kunne kuma ya cike gurbin da kansa. Shi ya sa za ka gane abin da hannun hagu ke kaɗawa amma ba ka jin nauyinsa. A can sama kuma an yanke ƙyallin sautin, wanda a nan ne mafi yawan bambancin fiyanon wannan kamfani da na wancan yake zaune.

Akwai kuma wata matsala ta fiyano shi kaɗai. Mawaƙi ko mai goge yana iya riƙe sauti da ƙarfi ɗaya muddin yana so. Fiyano kuwa guduma ce ke bugun tsirkiya, sautin ya fito da ƙarfi a farko sannan ya riƙa mutuwa a hankali. Farkon yana neman ya fi ƙarfin allura, ƙarshen kuma yana nutsewa cikin shuuu ɗin faifai. Abin da ya rage a tsakiya shi ne wannan ƙwas-ƙwas da ka bayyana. Muryar namiji mai kaifi ta fi kowane sauti dacewa da ƙahon, shi ya sa fayafayan da mawaƙi Enrico Caruso ya yi a wani otel a Milan a watan Afrilu na 1902 suka karɓu nan take, alhali fiyanon da ke masa rakiya a cikinsu da ƙyar ake jin sa a baya.

Su ma'aikatan, irin su Fred Gaisberg na kamfanin Gramophone da aka kafa a Landan a 1898, sun san wannan duka, sai suka gyara fiyanon don na'ura ba don kunnen mutum ba. A shekarun farko sun fi amfani da fiyano na tsaye, ƙarami, maimakon babba na kwance da ake kaɗawa a zauren taro. Sukan ɗora shi a kan dandamali ko akwatuna don allon amonsa ya yi daidai da bakin ƙaho, su cire murfin baya. Gudumomin fiyano an naɗe su da matsattsen ulu don sautin ya yi laushi, to sai a kankare ulun ko a taurara shi, saboda sauti mai kaifi ya fi yanka kaki. Da za ka shiga ɗakin ka ji wannan fiyano da kunnenka, kai ma ba zai yi maka daɗi ba. Shi makaɗin kuma ana ce masa kada ya yi laushi sosai, kada ya buga da dukan ƙarfi, ya rage taka feda, wato abin takawa da ƙafa da ke tsawaita amo. Ferruccio Busoni, bayan ya je ɗauka a kamfanin Columbia a Landan a 1919, ya rubuta wa matarsa wasiƙa yana kukan yadda aka sa shi ya matse kiɗa mai tsawo cikin minti huɗu, yana tunanin feda da ƙarfin kowane dannawa maimakon kiɗan kansa. Faifai mai inci 10 yana ɗaukar wajen minti uku, mai inci 12 kuma huɗu da 'yan kai, don haka ana yanke kiɗa, wani lokaci a ƙara masa sauri.

Wasu fayafayan kuma laifin na injin ne tsantsa. Waɗanda aka ɗauka a Faris a 1903, ciki har da na Edvard Grieg da na Raoul Pugno, sautinsu rawa yake yi kamar fiyanon bai da saiti. Fiyanon lafiyarsa ƙalau, injin da ke juya kakin ne ba ya tafiya daidai. Duk wanda ya ji su ya ce ai fiyanon Faransa haka yake, ya ɗora wa fiyano laifin da ba nasa ba. Haka silindar, wato bututun kakin da ake ɗaukar sauti a kai kafin faifai ya yaɗu, da Johannes Brahms ya kaɗa wa wakilin Thomas Edison a Biyana a 1889, darajarta ta tarihi ce, amma ta lalace har da ƙyar ake tsinto kiɗan a cikin hayaniya.

Da tafiya ta yi tafiya, manyan makaɗa suka ƙi yarda da ƙaramin fiyano, aka koma saita ƙahon a bakin murfin babba. Ignacy Paderewski ma da zai fara ɗauka a 1911, kayan aikin aka kai masa har gidansa a Siwizalan, ya kaɗa fiyanonsa ƙirar kamfanin Érard. Fayafayan shekarun 1910 zuwa 1924 sun fi na farkon ƙarni cika, amma iyakar ƙahon tana nan.

Ana iya gane kamfanin?

Bambancin kansa na gaske ne. Steinway a New York, Bechstein a Balin da Blüthner a Leipzig duk a 1853 aka kafa su, amma kowa da hanyarsa. Steinway ya gicciya tsirkiyoyin hagu a kan na tsakiya a babban fiyano tun 1859, abin da ya ba shi kauri da dogon amo mai cakuɗuwa. Érard na Faris ya daɗe yana jera tsirkiyoyinsa a miƙe ba gicciye ba har cikin ƙarni na 20, sai sautinsa ya zama tas, kowane sashe da launinsa, amma yana saurin mutuwa. Blüthner ya ƙara tsirkiya ta huɗu a sama wadda guduma ba ta taɓawa, ita dai tana amsawa ne kawai. Pleyel, wanda aka kafa a 1807, an san shi da sauƙin dannawa da laushi, Bösendorfer na Biyana kuma, na 1828, da zurfin hannun hagu.

To amma duba inda waɗannan siffofi suke: zurfin hagu, ƙyallin sama, tsawon amo. Su ne daidai abubuwa ukun da ƙahon ya zubar. Saboda haka a faifan da aka ɗauka kafin 1925, ni ba na yanke hukunci da kunne, kuma in wani ya ce min ya gane Bechstein daga faifan 1908 da ji kawai, sai in tambaye shi ko ya leƙa takardar tsakiyar faifan tukuna. Abin da kunne ke iya rarrabewa a waɗannan, in ya saba, shi ne ƙaramin fiyano na tsaye da babba na kwance, musamman daga yadda sautin ke yankewa da wuri. Sau da yawa ma abin da mutum ke ɗauka halin fiyano ne, halin ɗakin ne da ƙahon da aka yi amfani da shi a ranar.

Daga 1925 lamarin ya sauya. Kamfanonin Victor da Columbia suka karɓi fasahar Western Electric mai amfani da makirfo, aka fara kama sauti daga girgiza ƙasa da 100 har zuwa wajen 6,000 a daƙiƙa. Alfred Cortot yana cikin waɗanda suka fara ɗauka da ita a Victor a farkon wannan shekara. Nan ne aka fara jin hannun hagu da gaske, aka ji ɗakin, aka ji feda. Dogayen kaɗe-kaɗen fiyano guda 32 na Beethoven da ake kira sonata, waɗanda Artur Schnabel ya ɗauka a ɗakin ɗauka na Abbey Road a Landan tsakanin 1932 da 1935 a kan Bechstein ya kaɗa su, kuma in ka jera su da fayafayan Sergei Rachmaninoff na Victor na shekarun nan, waɗanda Steinway ne, za ka ji bambanci. Ko a nan ɗin sai an yi hattara, domin hannun makaɗi da wurin da aka ajiye makirfo suna iya rinjayar sunan kamfanin.

Hujja ta takarda ita ce abin dogaro. Da yawa daga fayafayan Faransa an rubuta Piano Pleyel ko Piano Gaveau ko Piano Érard a takardar tsakiya da ƙananan haruffa. Na Jamus kuma za ka ga sunan Bechstein ko Steinway ko Blüthner haɗe da kalmar Flügel, wato babban fiyano. Talla ce tsakanin kamfanin faifai da na fiyano, amma ta zama mana shaida. Abin da ba shaida ba shi ne sanin cewa wane makaɗi da wane kamfani yake hulɗa. An san Cortot da Pleyel, amma wannan bai tabbatar da cewa duk faifan da ya yi a Landan ko a Amurka Pleyel ba ne, domin makaɗi kan tarar da fiyanon ɗakin ya kaɗa. Kuma mutum ɗaya kan yi yarjejeniya da wani kamfani a Turai, da wani daban a Amurka. Paderewski da ya kaɗa Érard a gida, a Amurka Steinway aka san shi da shi.

In takardar ba ta faɗa ba, sai ka duba filin da ke tsakanin ƙarshen layukan sauti da takardar, za ka ga lamba a tone. Ita ce lambar kakin asali, wani lokaci haɗe da alamar ɗauka ta nawa ce. Da ita ake bin rajistar kamfani a gano rana da gari. Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta sa rajistar Victor da wasu kamfanonin Amurka a intanet kyauta. Ranar da garin ba su cika faɗin sunan fiyano ba, amma suna rage zato ƙwarai.

Wani abu da kan rikita masu farawa: za ka ga faifan zamani an rubuta Debussy ko Mahler ko Grieg na kaɗa kiɗansa, sautin kuma tas babu shuuu. Wannan ba ɗaukar sauti ba ce. Naɗin takarda ne mai huji-huji, irin na kamfanin Welte na Jamus da ya fito a farkon ƙarnin, ko na Duo-Art da Ampico a Amurka, wanda ke adana motsin yatsun makaɗi, sai a sa shi a fiyano mai kaɗa kansa. Fiyanon da kake ji na yau ne. Suna da amfaninsu, sai dai ba su amsa tambayarka ba.

Kafin ka ɗora wa faifan laifi

Abu na farko da nake tambayar mai irin ƙorafinka shi ne da me yake kunnawa. Layin faifan garmaho ya fi na faifan roba mai dogon zango faɗi sosai. Allurar faifan roba, wanda Columbia ta fito da shi a 1948, bakinta wajen sulusin wadda tsohon faifai ke buƙata ne kawai, don haka takan faɗa can ƙasan layin tana sharar datti, ta ba ka hayaniya da siririn sauti. Nemi allurar da aka yi don faifan 78. Kuma na'urorin zamani suna da wani gyaran sauti na cikin gida da aka daidaita a 1954 don faifan roba, yana ƙara kauri yana rage kaifi, wanda bai dace da tsohon faifai ba, balle wanda aka ɗauka da ƙaho.

Sai gudu. Ana ce musu 78, wato juyi 78 a minti, amma kafin ƙarshen shekarun 1920 wannan suna ne kawai. Akwai waɗanda aka yanka a wajen 70, akwai 75, akwai 80 da ɗoriya. Bambancin juyi huɗu zuwa biyar yana ɗaga kiɗan ko ya sauke shi da madanni guda cif. Faifan da aka yanka a 74 in ka kunna shi a 78, fiyanon zai ƙara sirancewa, makaɗin kuma ya zama mai gaggawa da ba shi ya yi ba. Yadda nake yi shi ne in nemo takardar kiɗan in ga a wane mataki aka rubuta shi, sannan in riƙa rage gudu ko ƙarawa har faifan ya yi daidai da shi. Da fiyano wannan ya fi sauƙi, don mawaƙa kan sauke waƙa ta dace da muryarsu, mai fiyano kuwa ba kasafai yake yin haka ba. Ɗan abin da ke saura shi ne saitin fiyanon kansa: a madannin da ake auna saiti da shi, Faransa ta tsayar da girgiza 435 a daƙiƙa tun 1859, sai a 1939 aka yi matsaya a Landan kan 440 da ake bi yau. Tazarar ba ta kai juyi ɗaya ba, kunne ne ke raba gardama.

Akwai kuma fayafayan da tsarinsu daban ne gaba ɗaya. Na Edison masu kauri, da tsofaffin na Pathé, allurarsu sama da ƙasa take motsi ba gefe da gefe ba, wasu na Pathé ma daga tsakiya suke farawa su fito baki. In ka sa musu allurar ƙarfe ta garmaho za ka kashe su, sautin ma ba zai fito ba. Rachmaninoff da Edison ya fara a 1919 kafin ya koma Victor a shekarar da ta biyo, don haka mai son sa dole ya ci karo da irin waɗannan.

Game da tsohon garmaho mai wani da hannu, ina son sa, kuma faifan ƙaho yana da wata cika a kansa da lasifika ba ta bayarwa. Amma kan da ke riƙe allurarsa yana da nauyi, kuma allurar ƙarfe gefe ɗaya take yi a jefar, domin an zuba garin dutse a cikin faifan da gangan don ya ci allurar. Wadda aka maimaita ta riga ta yi kaifi, ita ke cin faifan. Faifan da nake ji da shi ba na ɗora shi a kai, sai irin waɗanda suke da yawa.

Abin dubawa wajen tarawa

Tsufa ba shi ne tsada ba. Fayafayan Caruso da na Paderewski na Victor an buga su da yawan gaske, suna ko'ina. Gefe ɗaya ma ba alamar daɗewa ba ce sosai, domin Victor ya ci gaba da buga na manyan makaɗansa gefe ɗaya har 1923, kamfanin Gramophone kuma har 1924. Waɗanda suke da wuyar samu su ne irin na Grieg na 1903 da 'yan kaɗan ɗin da Busoni ya bari. In ka ga an rubuta Gramophone & Typewriter a takarda, bugun tsakanin 1900 da 1907 ne. Hoton karen nan mai sauraron ƙaho kuwa sai a 1909 ya hau takardar fayafayan kamfanin na Ingila.

Riƙe faifan a ƙarƙashin haske ka karkata shi. Layi baƙi mai sheƙi lafiyayye ne. In ya yi toka-toka, musamman a wuraren da kiɗan ya yi ƙarfi, allura ta riga ta cinye shi, kuma wanki ba ya dawo da wannan. A faifan fiyano wannan ya fi muni, don daidai wurin bugun gudumar ne ke lalacewa. Ɗan karce a sama sau da yawa ba ya ko jiyuwa, amma siririn tsagu daga baki yana ƙaruwa. Ra'ayina shi ne, in sauraro kake so, bugun baya mai tsabta da aka yi daga ƙarfen asali, wato zubin ƙarfen da aka ciro daga kakin farko, ya fi bugun farko da ya sha allura, kuma ya fi araha. Abin gudu shi ne wanda aka sake kwafa daga wani faifan, don ya yi asarar sauti. Lambar da ke tone a ciki ita za ta nuna maka, in ta sauya ko an ƙara mata wata alama.

An yi waɗannan fayafayai da shalak, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a bishiyoyin Indiya da maƙwabtanta, kuma sifirit yana narkar da shi, don haka kada ka kusantar da maganin goge faifan roba. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulu mara ƙarfi da burushi mai laushi sun isa, ka bi layin, ka kiyaye takardar, ka bar shi ya bushe sarai. Na Edison su ne akasin haka, cikinsu garin katako ne mai shan ruwa, ruwa ke kumbura su. Ajiye su a tsaye cikin riga, a matse kaɗan don kada su jingina, nesa da zafi da danshi. Tsofaffin kundin nan masu aljihu-aljihu suna da kyaun gani, amma su ke karya bakin faifai in an buɗe su a kwance ba a lura ba.

Tunda fiyanon kansa ne ya dame ka, ga inda zan ce ka fara. Zaɓi makaɗi ɗaya da ya yi aiki a zamanin ƙaho da na makirfo, kamar Wilhelm Backhaus, wanda ya fara tun 1908, ko Cortot, ko Rachmaninoff, ka nemi faifansa na kafin 1925 da na bayanta, in so samu ne kiɗa iri ɗaya. Waɗannan ba su da wuyar samu. Jera su ka saurara a gudun da ya dace, za ka ji abin da ƙahon ya cire da abin da ya bari. Daga nan sai ka koma kan fayafayan Faransa da Jamus na shekarun 1926 zuwa 1939 masu sunan fiyano a takarda, don su ne kaɗai wurin da za ka horar da kunnenka kan Pleyel da Érard da Bechstein kana da tabbacin abin da kake ji. Kafin ka sayi mai tsada, saurari kwafin da kamfanoni irin su Marston da APR da Naxos suka fitar, ka ji yadda faifan ya kamata ya kasance in yana da lafiya, sannan ka auna wanda ake tallata maka da shi.